Kogin da Imoro Ya Zana da Alli

Idan ka gangaro daga Kawukudi ka nufi cikin Maamobi, kafin ka kai babban kwalbatin nan da ya raba mu da Nima, akwai wani lungu da mota ba ta shiga, sai babur, shi ma da dabara. A bakin lungun shagon yayana Imoro yake. Rabinsa kwantena, rabinsa katako, da keken ɗinki biyu, da wani tebur mai faɗi da ya cinye kusan duk wurin. Tela ne, kuma ya iya aikinsa, amma kada ka kai masa ɗinkin salla ka ce sauri kake yi. Zai karɓa da fara'a, ya auna ka, ya ce ka dawo jibi, kuma jibin nan nasa har yau ban san a wace kalanda take ba. Ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, sunana Sherifa, na kuma taɓa cin salla da tsohon zani saboda shi, don haka ina da bakin magana.

A Maamobi aka haife mu. Babanmu, Malam Abdulai, mai gadi ne a wani wurin sayar da katako, mutum marar yawan magana, sai fa in an taɓo masa kakansa. Kakan nan farke ne, yana cikin masu ɗaukar goro daga Salaga su kai Kano a kan jakuna, su dawo da kanwa da baƙin yadi. Baba bai taɓa ganinsa ba, bai kuma taɓa taka Kano ba, amma in ya fara ba da labarin hanyar sai ka rantse shi ya ɗaure wa jakunan kaya. Mu yara muna gyangyaɗi, Imoro kuwa baki buɗe. Da ya gama ƙaramar sakandare aka kai shi koyon ɗinki, ya tafi da labaran nan a kansa, yana taka keke yana magana shi kaɗai, har maigidansa ya fara shawarar a kai shi wurin malamai.

Wata rana aka aike shi unguwar Circle sayo zare, sai ya tsaya wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Nan ya tsinci wani littafin Turanci marar bango, rabinsa ruwa ya ci. Bayanin wani wasa ne da Turawa ke yi a kan tebur. Mutum ɗaya ya riƙe labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi, sannan a jefa dayis, irin na ludo, a ga ko abin ya yiwu ko ya ƙi. Ba mai ci, ba wanda ake cinyewa. Littafin cike yake da dodanni masu aman wuta da mutane cikin rigunan ƙarfe. Imoro ya ce waɗannan ba danginsa ba ne. Ya watsar da su, ya riƙe dokokin da ya gane, ya ƙirƙiri sauran, ya ɗora wasan a kan hanyar goro ta kakanmu. Ya sa masa suna Ayari.

Da ya buɗe shagon kansa, teburin yanka yadi ya zama filin wasan. Ran Lahadi bayan la'asar, sai ya kwashe yaduka ya jibge a kan keke, ya ɗauki allin tela ya zana hanya, da duwatsu, da rijiyoyi, da garuruwan da za a yada zango. Kowa da maɓallinsa. Nawa kore ne, na tsohuwar rigar makaranta, ni ce mai dafa wa ayari abinci kuma mai sanin saiwoyi. Wadia, 'yar ƙanwar mamanmu, ita ce mai ciniki, don ko a zahiri ba a cin ribarta. Mutawakilu, abokin Imoro tun suna tsallaka kwalbati da gajeren wando, shi ne mai kwari da baka, ya zaɓi maɓallin kwat mai ruwan zinariya saboda son a gan shi. Dayis ɗin yana cikin gwangwanin madara, in Imoro ya girgiza har mai ƙosai ta bakin titi tana ji. Ga ataya, shayin nan mai ɗaci, a kan gawayi, ga gyaɗa. Har ƙararmu aka kai wurin kawunmu wai caca muke yi. Ya zo da carbi a hannu, fuska a murtuke, ya tsaya a ƙofa yana saurare, bai ga ko kwabo a kan tebur ba. Da aka kira magariba ya juya zai tafi, sai ya waiwayo ya ce, "To jakin da ya faɗa ramin, ya tashi?"

Haka muke har Allah ya kawo mana Bra Saaka, wato yaya Saaka. Mutumin arewacin ƙasarmu ne, daga wani ƙauye kusa da garin Wa, amalanke yake turawa a Kasuwar Makola, kuma ya girmi Imoro da 'yan shekaru. Wando ya kawo a ɗinke masa, ya yage a gwiwa. Imoro ya ce ya ɗan jira, kun dai san jiran Imoro. Ya zauna a benci yana kallonmu. A cikin labarin 'yan fashi ne suka tare mu a wani kwazazzabo, Mutawakilu yana ta cika baki zai harbe su duka. Mutumin nan ya daure, ya daure, har ya kasa.

"Cale, abokina, kibiya nawa kake da shi?" in ji shi. "Ku gaishe su tukuna mana. Ku tambayi babban su ina uwan shi, yana lafiya? Ku ba shi goro ya kai mai."

Imoro ko ɗago kai bai yi ba, sai ya shaƙe murya ya amsa masa da bakin sarkin 'yan fashin. Saaka ya gyara zama ya mayar. Suka yi ta yi, mu muna riƙe ciki don dariya, har ɓarawon nan ya ƙare da raka mu bakin daji yana ba mu haƙuri. Ranar ba a ɗinke wandon ba. Imoro ya laluba cikin kwalbar maɓallai ya ciro wani baƙi babba, irin na rigar ruwa, ya ajiye shi a gaban ayari, ya ce ga madugu.

Ban taɓa ganin mai wasa kamarsa ba. Ya iya yaren Wali, da Dagbani, da Twi, da Ga, da Hausarmu ta Zongo wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kuma duk ya zuba su a bakin madugun nan. Yana roƙon sarakuna, yana zagin jakuna ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, yana yi wa Mutawakilu faɗa kamar ɗansa. Duk mako yana ɗaukar kayan mutane a rana, ana kiransa "kai, mai amalanke", amma ran Lahadi shi ne mai ayari guda. Imoro kuwa ya samu abokin tafiya. In ya jefa labari, Saaka ne ke cafewa ya mayar masa da wanda ya fi shi.

Akwai wani abu da muke yi a teburin nan wanda ba a littafi yake ba. In Imoro ya gama bayani ya ce, "To, me za ku yi?" sai duk mu juya mu dubi babba. Shi zai fara, sannan mai bi masa, har a zo kaina ni autar wurin. Ba wanda ya kafa wannan doka. Haka muke yi a kwanon tuwo, haka ake yi a taron suna, haka muka tashi muka gani. Tun da Saaka ya shigo, shi ne babba, ba mai buɗe baki sai madugu ya yi magana.

Sai shekaru suka fara kwashe mu. Mutawakilu ya samu takardar Amurka, ya tafi Bronx tuƙin tasi. Wadia ta yi aure a Kumasi. Muka rage mu uku muna lallaɓawa, sai ga saƙo daga arewa cewa mahaifin Saaka ya rasu, gida da gona sun dawo hannunsa.

Imoro mutum ne da ba ya tafiya ko'ina, iyakarsa Makola sayen yadi. Ba ya kuma cewa yana kewar mutum, ko za ka yanka shi. Amma na ga yadda yake kallon benci bayan tafiyar waɗancan biyun, na kuma san in Saaka ya tafi an gama. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Ba zan bar mutanena a daji ba." Ya fara rufe shago da azahar yana zuwa wani kafen intanet a Kawukudi. Mai kafen ya nuna masa yadda ake buɗe dandali, irin wanda kowa zai shiga daga inda yake, ya bar rubutunsa, wani ya zo daga baya ya karanta ya amsa. Imoro ya ce an samu tebur.

Ranar da Saaka zai tafi muka raka shi tashar motocin arewa a Circle. Imoro ya miƙa masa waya mai shiga intanet, da 'yar takarda mai adireshin dandalin. Ya ce, "Bra Saaka, nan za mu riƙa haɗuwa. Kai za ka riƙa fara rubutawa kamar kullum." Saaka ya karɓa da hannu biyu, ya dubi takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce, "Yoo," wato to.

Bari in gaya muku tun yanzu abin da mu ba mu sani ba sai can daga baya. Saaka bai iya karatun boko ba. Allo kaɗan ya yi yana yaro, ajin makaranta kuwa ko ƙofarsa bai leƙa ba. Ta ina za mu sani? Wasanmu na baki ne. Mutum mai harshe biyar, mai ƙure sarakuna da magana, wa zai kawo a ransa? Shi kuma ba zai tsaya a tasha, a gaban ƙannensa, ya ce ba ya gane abin da aka ba shi ba.

Mayar da Ayari rubutu ya ba Imoro wuya fiye da yadda ya zata. Da farko ya kwaso komai yadda yake a tebur, kowane sara da jifansa, kowace kibiya da jifanta. Faɗa ɗaya da wasu mahara, wanda a shago kafin ataya ta huce an gama, ya ɗauke mu daga ƙaramar salla har babba. Sai ya yanke, ya ce jifa ɗaya ya raba faɗa duka. Ya kuma ce kowa ya riƙa rubuta abu biyu, abin da zai yi in ya dace da abin da zai yi in ya ƙi, don kada a ɓata mako ana tambaya. Ga kuma gaisuwa. Kowa in zai yi rubutu sai ya gaida kowa da iyalinsa da maƙwabtansa, ya tambayi mai ƙosai, ya yi ta'aziyyar wanda ya mutu bara, sannan a can ƙasa ya ce ya ɗaure jaki. Imoro ya buɗe shafi dabam ya sa masa suna Zaure, ya ce duk mai gaisuwa ya tsaya can. Mutawakilu ya ci gaba da gaisuwa a duka biyun.

Maganar dayis ma sai da aka yi rigima. An bar kowa ya jefa nasa a inda yake, sai ya zama dayis ɗin Bronx ba ya faɗuwa sai a kan shida. Imoro bai ce kowa ya yi ƙarya ba. Ya ce dai iskar Amurka ba ta dace da wasan ba, daga yau shi zai jefa wa kowa, ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a kan tsohon tebur, ni ce shaida. Sai ya zana taswira da alli, ya jera maɓallai, ya jefa, ya ɗauki hoto ya saka a dandalin. Mako guda, taku guda. Duk ya gyara, duk ya sauya, sai abu ɗaya da bai ma zo masa a rai ba balle ya taɓa shi: babba ne ke fara magana.

Da farko rubutun Saaka yana zuwa, amma wani iri. Layi ɗaya, da Turancin wasiƙar ofis. Madugu ya amince, a ci gaba. Madugu ba shi da ƙorafi. Ba zagin jaki, ba roƙo, ba dariya. Imoro ya karanta ya yamutsa fuska ya ce noma ya cinye masa baki. Ashe wani malamin firamare ne a ƙauyen, Tica Ƙasimu, yake karanta masa, Saaka ya zuba magana mai tsawo, malamin ya matse ta ya mayar da ita abin da yake ganin ya dace a rubuta. Ko a hakan mun gode, don da zarar layin nan ya fito sai sauranmu mu biyo.

Ana haka ayari ya iso bakin kogin Kwara. Imoro ya daɗe yana tanadin wurin nan. Ya zana kogin da shuɗin alli daga wannan gefen tebur zuwa wancan, ya rubuta mana cewa ruwa ya cika, masu kwalekwale sun tsawwala, ga hadari yana haɗuwa. Ya rufe da tambayarsa ta kullum, me za ku yi. Muka jira madugu.

Madugu bai zo ba. An yi wa Tica Ƙasimu canjin makaranta, mu ba mu sani ba. Juma'a ta wuce, wata ta wuce. Ina shiga dandalin in ga Wadia ta leƙo, Mutawakilu ya leƙo, kowa ya yi gaisuwarsa a Zaure ya fita, shafin wasa kuwa tsit. Ni kaina na rubuta abin da mai abinci za ta yi ya fi a ƙirga, in goge. Ta yaya auta za ta yi magana babba bai yi ba?

Za ku ce me ya hana a kira shi a tambaya. An kira. Ina zaune Imoro ya kira shi ba sau ɗaya ba. Ina gajiya, ina gona, ina uwargida Awabu da yara, ya ruwa, ya haƙurin rashin mahaifi. Lafiya lau, lafiya lau, alhamdulillahi. Sai su yi shiru, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa. Imoro ba zai iya ce wa magidanci mai fama da gona da marayu me ya sa ba ka yi wasan maɓalli ba. Saaka ba zai iya faɗin dalilinsa ba. Sai su yi sallama.

Da abin ya kai watanni, Mutawakilu ya kira daga Bronx, ana jin hon a bayansa.

"Imoro, cale, abin nan ya isa. Ka sa kada ya fito daga ruwan ya ɗauke madugun mu wuce."

"Ba sai an kai haka ba," in ji Imoro. "Kai ne mai bi masa. Ka fara rubutawa, mu biyo ka."

"Ni? In tsallake Bra Saaka? Kana so uwana ya ji a Nima?"

Kun ji mutumin. Ya yarda kada ya cinye Bra Saaka, amma bai yarda ya riga shi magana ba. Na yi dariya har da hawaye, sai daga baya na ga ni ma hakan nake. Wadia kuwa ta ce in mun tashi mu taɓa ta, ta daina leƙowa.

Imoro bai sa kada ba. Teburin nan na aiki ne, cikin mako yadi yana share allin tas. Amma duk Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya kwashe kaya, ya sake zana kogin, ya jera mu a bakinsa, baƙin maɓalli a gaba, ya ɗauki hoto ya saka, ba tare da ya rubuta komai ba. Wani Alhaji ya taɓa dawo da farar shaddarsa yana tambayar ina ta samo shuɗi. Ni abin ya daina ba ni dariya, tausayi yake ba ni. Wata Juma'a yana cikin zanen ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ƙila ya ga mun girma ne, Sherifa. Ƙila kunyar gaya mini yake ji." Ya ce in babbar salla ta wuce ba labari, zai rufe dandalin, ya mayar da maɓallan cikin kwalba.

Ana saura kaɗan salla sai ga Awabu, matar Saaka, ta zo Nima sunan ɗan ƙaninta. Ta biyo ta shago da ƙullin gyaɗa da man kaɗe, da atamfa a ɗinka mata. Awabu mace ce da ba ta ajiye magana ta kwana. Ko zama ba ta gama yi ba ta fara.

"Ku kuma me kuka yi ma mijina? Kowane Juma'a in ya sauko masallaci ba ya zuwa gida. Sai ya hau keke ya tafi bakin babban titi, inda waya ke kamawa. In ya dawo ba ya cin tuwo."

Imoro ya tsaya da almakashi a hannu. "Yana shiga? To me ya sa ba ya rubutu?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Rubutu? Bra Imoro, Saaka ko sunan shi bai iya rubutawa ba. Tica Ƙasimu ne ke yi mai, shi kuma an ɗauke shi tun kafin damina. Ya dai nuna mai inda zai danna. Hoto yake kallo. Ya nuna mini, ya ce ga shi nan, baƙin nan na gaba. Ya ce duka sun tsaya, ni suke jira."

Na ce, "Ba wani da zai karanta masa?"

"Shi ne maigida yanzu fa. Ya je ya ce ma wa, zo ka karanta mini wasan maɓalli?" Ta ɗaure bakin jakarta. "Kar ku ce ni na faɗa, wallahi zai kore ni."

Bayan ta tafi Imoro ya zauna a kan benci. Ya ce shekaru suna tebur ɗaya da mutumin nan, ya ɗauki wasan da ya fi kowa iyawa ya kai shi inda ba zai iya shiga ba, sannan ya sa shi a gaba ya ce shi zai fara. Na ce to a kira shi a ce mun sani, ba komai ba ne. Ya yi mini wani kallo da ya sa na kama bakina. In aka faɗa masa haka, an tsiraita shi a gaban ƙannensa, kuma ba zai ƙara ɗaukar wayarmu da sakin jiki ba. Makon nan Imoro ya gama ɗinkin kowa a kan lokaci, har atamfar Awabu. Duk unguwa aka san ba lafiya ba.

Ran Lahadi bayan la'asar ya aiko a kira ni. Na tarar ya kwashe yaduka, ya zana kogin, ya jera maɓallai, har ataya ya ɗora, mu biyu kacal. Ya kira Saaka, ya buɗe muryar wayar, ya ajiye ta a kan tebur daidai inda Saaka yake zama. Suka gaisa yadda suka saba, gona, yara, ruwa. Aka zo wurin shirun nan. Sai Imoro ya ɗauki gwangwanin madara ya girgiza shi a bakin wayar, ya gyara murya, irin muryar da ya daɗe bai yi ba.

"Madugu, gari ya waye a bakin Kwara. Ruwa ya cika, masu kwalekwale sun tsawwala, hadari yana haɗuwa ta gabas. Mutanenka suna tsaye. Me za ku yi?"

Ba a ji komai ba sai kukan akuya daga can arewa. Na ɗauka waya ta yanke. Imoro ya riƙe gwangwanin. Can sai muka ji an yi gyaran murya.

"Wa ya ce a sauke ma jakin Mutawakilu kaya? Wannan malalacin, shi da mai shi duka ɗaya." Muryar madugunmu ce sak. "A kira mini Wadia, shi ne zai yi ciniki da masu kwalekwale, ya ce musu madugu ba shi da ko sisi, surukin sarkin ruwa ne. Sherifa ya dafa abin da zai kwana biyu bai lalace ba. Ni zan shiga na ƙarshe. In kwalekwale ya kife, ku ceci goro, ni na iya iyo."

Bai iya iyo ba, duk mun sani. Imoro yana dariya yana rubutawa a bayan takardar awo, kalma bayan kalma, bai gyara masa ko ɗaya ba. Ya jefa dayis, ya faɗo a kan biyar. Ya faɗa masa, Saaka ya yi kabbara.

Wannan ita ce doka ta ƙarshe da Imoro ya ƙara wa wasan, kuma ga yadda ya rubuta ta a dandalin: madugu babban mutum ne, ba ya rubutu da hannunsa, zuwa ake yi a ji daga bakinsa. Ba wanda ya tambayi dalili. Har yau duk Lahadi yana kiransa, ya karanta masa abin da kowa ya ce, ya rubuta amsarsa yadda ta fito. Mutawakilu ya ce da ya karanta zagin jakinsa sai da ya faka tasi a gefen titi, don ba ya ganin hanya.

Amma wannan daga baya ne. A ranar, da aka fara kiran magariba suna shirin sallama, Saaka ya ce, "Imoro."

"Na'am, Bra Saaka."

"Awabu ya iso wurin ku lafiya?"

"Lafiya lau. Atamfa ta kawo."

"Hm. Atamfa." Ya yi 'yar dariya. "Kowane Juma'a ina ganin kogin nan. Ka iya zane paa, ƙwarai da gaske. Na san yadi yana goge shi, kana sakewa. Ka gaji, ƙanena. Goge shi, mun haye."

Waya ta mutu. Imoro ya ɗauki maɓallan ɗaya bayan ɗaya ya tsallakar da su, baƙin a ƙarshe. Ya jawo wani ƙyalle daga ƙarƙashin keke ya fara goge shuɗin allin, hawaye suna ɗiga a kan tebur yana haɗawa da su yana gogewa. Na tashi na je na duba atayar da ta riga ta ƙone, na bar shi ya gama.